Shan Iskar da Ya Kai Ni Gidanmu

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zai taɓa ranar da maigidana ya fita da ni shan iska ba.

Gab da samun 'yancin kai ya dawo Zangon Kumasi daga Ingila, inda ya je koyon gyaran inji. Ya yi 'yan watanni, ya dawo da iyayin shekara goma. Da ɗan sanyin ƙarshen shekara ya shigo, ya ciro wata jibgegiyar kwat da safar hannu, ya ce mu je mu taka babban titin Adum, haka Turawa ke yi da matansu in sanyi ya sauka.

Na ce, "Malam, me za mu sayo?"

Ya ce, "Ba komai. Tafiyar ce kawai."

Raina ya ɓaci, amma na bi shi. A Zango kuwa miji da mata ba sa jerawa a titi sai in asibiti za su ko kotu. Muka wuce kantunan Larabawa Kwarori da tsohon barikin soja, yana nuna mini gine-ginen da na sani tun ina goye. Kafin hantsi gumi ya jiƙa shi sharkaf, ni ko na haɗe rai kamar an aiko mini da mutuwa. Wata mai goro ta dube shi ta ce, "Sannu, Allah shi ba da lafiya." Maƙwabciyarta ta dube ni ta ce, "Yi hankuri, aure haka ne."

Labari ya riga mu gida. Muka tarar da uwarsa tana kuka, wai ɗanta ya kwaso ciwon Turai. Kawuna kuma ya zo da dattawa, wai an kai 'yarsu kotun Nasara a sake ta.

Malam ya ce, "Baba, iska kawai muka je sha."

Kawu ya ce, "Ta gidanka ta ƙare ne?" Ya juyo gare ni. "Ɗauko kayanki. Mu ba mu ba mahaukaci 'ya."

A nan dariya ta ƙare mini, don ina son mijina da iyayinsa duka. Sai da ya yi ta sintirin biko, yana durƙuso a ƙofar kawu, kafin aka mayar da ni.

Tun ranar na gane kayan aro ba ya rufe katara. In miji ya aro al'adar wasu, matarsa ake fara gani tsirara.