Daddawar Gwaggo a Intanet

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a Dutse kafin in buɗe shago a intanet. Ban taɓa shirya zama 'yar kasuwa ba. Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina da ke aure a Aujara, take aiko min da daddawa da garin kuka da yaji duk sanda ta samu mai zuwa, ni kuma in ɗan rarraba wa abokan aiki. Da suka fara cewa, "Ki ce ta ƙaro, za mu saya," sai abin ya zama ciniki. Na ƙara da riɗi da zoɓo da nake sarowa a kasuwar Shuwarin, da dabinonmu na nan Dutse.

Malamar da ke koyar da kwamfuta a makarantarmu ita ta buɗe min shagon. Sa'ata ce, teburinmu ɗaya a ɗakin malamai, mace mai saurin dariya da saurin aiki. Rana ɗaya ta gama komai. Muka ɗauki hotunan kaya a kan sabuwar tabarma, na rubuta bayanin kowanne da Hausa tsantsa, kowace ƙugiyar harafi a mazauninta, muka sa lambar wayata. Na koma gida ina jin ko gobe ma motar Legas za ta tsaya a ƙofar gidanmu.

Wata biyu ba wanda ya kira.

"Malama," na ce mata wata rana lokacin tara, "ko kuskuren lamba ba wanda ya yi. Anya shagon nan a buɗe yake?"

"A buɗe yake, ganinsa ne ba a yi," in ji ta. "Idan mace a Legas tana son daddawa, ba sunan shagonki za ta rubuta ba, don ba ta san ki ba. Abin da take so za ta rubuta a injin bincike, shi kuma ya jero mata shaguna. Ke kina can ƙasa, inda ba mai haƙurin isa."

"To wa zan je in gani ya dawo da ni sama?"

Ta yi dariya har sai da ta ajiye kofin shayinta. Ta ce ba mutum ba ne, gyara ne ake yi wa shafi don injin ya fahimci abin da ke cikinsa. Akwai manhajoji da ke taimakawa: wasu su faɗa miki kalmomin da mutane ke nema, wasu su duba lafiyar shafin. Amma suna da yawa, sai mun zaɓa. Muka yi alkawarin zama a kai idan an yi hutu.

Hutu na zuwa ta fara zuwa gidana bayan la'asar da kwamfutarta a jaka. Manhajar farko da muka gwada babba ce, ta manyan kamfanoni, ana biya duk wata amma sun ba da mako guda kyauta. Kyau kam ba a magana. Zane-zane ja da kore da shuɗi, layuka suna hawa suna sauka. Na gyara zama na ce lallai wannan ta san aikinta.

Malama ta rubuta mata "garin kuka". Ta ɗan yi tunani, sannan ta kawo mana shawarwari: yadda ake rarrashin jariri, dalilan da ke sa yaro rigima da rana, waƙoƙin baƙin ciki.

Muka kalli juna.

"Ta ɗauka kukan hawaye ne," Malama ta ce a hankali.

"Gwada mata yaji."

Ta rubuta. Manhaja ta ce kalma ce mai farin jini ƙwarai, mutane suna nemanta sosai, musamman "yajin aikin malamai". Ta ba ni shawara in yi rubutu a kan haka don in jawo masu saye.

Ranar mun yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Duk da haka mun ba ta makonta cikakke, don kada mu zalunce ta. A Turanci gwana ce, amma kayan miyarmu ba ta san ko ɗaya ba. Da mako ya cika muka sallame ta.

Ta biyu maigidana ne ya kawo. Ya ga tallarta a wayarsa, wai cikin kwana uku za ta kai shafinka sahun farko. Malama ta taɓe baki, amma ta ce mu gwada don a fita haƙƙinsa. Wannan kuwa abu ɗaya ta sani: a maimaita kalma. Ta sake rubuta bayanin daddawata da kanta, na karanta wa maigida da muna cin tuwo: "Daddawa, sayi daddawa, daddawar Dutse daddawa ce mai kyau, daddawa a yau."

Ya tsaya da loma a hannu. "Wannan ai ko mai talla a tasha ba ya haka."

Malama ta ce injin bincike ma ba ya son irin wannan, yana gane wayo ne sai ya ƙara tura shafin baya. Ga wayata ta yi zafi kamar dutsen guga, data kuma na tafiya. Maigida da kansa ya goge ta, bai ƙara tayar da zancen ba.

Ta ukun ba ta da ado ko kaɗan. Kyauta ce, masu injin binciken ne suka yi ta don masu shafuka. Ba ta alkawarin komai. Abin da take yi shi ne ta nuna maka ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har shafinka ya gifta a gabansu, ko da ba su shiga ba. Sai da muka jira kwanaki kafin ta tara abin nunawa. Da ta nuna, sai na ji kamar an ba ni littafin rubutun ɗalibai in yi maki.

"Zobo". "Ridi". "Dadawa". "Kayan miya na arewa". Ba ƙugiya ko ɗaya. Wani ma "dawa dawa" ya rubuta.

"Kin gani," in ji Malama. "Ke kin rubuta zoɓo da riɗi, su kuma wayoyinsu ba su da waɗannan haruffa, ko suna da su ba sa nema. Ki cire ƙugiyoyin."

"Ni? Ni da nake rage wa yara maki a kan ƙugiya? Idan ɗalibata ta shiga ta ga na rubuta zobo, da wane ido zan kalle ta?"

"To ki zauna da ƙugiyarki, zoɓonki ya zauna da ke."

Kwana biyu muna wannan musu, har ta waya. Daga baya muka sasanta: sunan kaya a sama zai kasance daidai yadda ƙa'ida ta ce, a ƙasa kuma in ƙara layi ɗaya, "wasu na rubuta shi zobo", tare da sunansa na Turanci don waɗanda ba Hausawa ba. Raina bai so ba, amma na rubuta. Muka haɗa da wata ƙaramar manhaja, ita ma kyauta, mai auna saurin buɗewar shafi. Ita ta gaya mana hotunan tabarmar nan sun yi nauyi, mai ƙaramar waya sai ya gaji da jira ya tafi. Malama ta rage musu nauyi. Waɗannan manhajoji biyun na riƙe har yau.

A ƙarshen hutun na je Aujara ɗauko kaya. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana shanya kalwa, na durƙusa na gaishe ta, na zauna ina ba ta labarin wahalar da muka sha. Ban zaci za ta gane ba. Ta saurare ni har ƙarshe, hannunta bai bar aiki ba.

"Wato abin da mai saye ke faɗa idan ya zo, shi kuke nema?"

"Shi ne, Gwaggo."

"To ai da kin tambaye ni, 'yar nan. Shekarata nawa ina kai daddawa kasuwa? Ba mai zuwa ya ce a ba shi daddawa kawai. Tambayar farko ita ce: ta kalwa ce ko ta waken suya? Ta biyu: ba yashi? Ki rubuta musu wannan."

A cikin mota kafin mu iso Dutse na gyara bayanin daddawar a wayata. "Daddawar kalwa zalla, ba waken suya, ba yashi, daga Jigawa."

Bayan kamar mako uku, ina cikin aji ina koyar da jimla, wayata ta yi ta motsi a jaka. Da na fito na kira lambar. Wata mata ce daga Fatakwal, 'yar Ringim ce aure ya kai ta can. Ta ce ta gaji da daddawar da ake haɗawa da wake, ta rubuta "daddawar kalwa" a wayarta sai ga ni.

"A shafi na nawa kika gan ni?" Abin da na fara tambayarta ke nan, ko gaisuwa ban gama ba.

"Shafi kuma? Ni dai na gan ki a sama-sama."

Na ruga ɗakin malamai na rungume Malama a gaban kowa. Washegari na kai ƙullin daddawar da ta saya tasha da kaina, na rubuta sunan matar a jiki har sau biyu.

Da kayan suka isa ta kira ta yi godiya, ta ce tana son gaisawa da mai yin daddawar. Ranar Asabar na haɗa su a waya. Ina jin Gwaggo tana tambayarta mutanen gidanta nawa, tukunyarta wace iri ce.

"To kada ki jefa guda, ta yi miki yawa," in ji Gwaggo. "Ki raba biyu, ki daka da barkono da 'yar citta tukuna. Kuma ki sa tun ruwa bai tafasa ba."

Suka shafe kusan rabin awa, daga miyar kuka suka koma zancen wata unguwa a Ringim da Gwaggo ta taɓa zuwa biki. Ni dai ina riƙe da biro ina rubuta abin da ta faɗa game da tukunya, don in ƙara a shafin.