Allurar da ta tafi da kunnena

Assalamu alaikum. Masu cewa Hauwa ta daina ɗaukar waya don girman kai, ku yafe mini. Ba na jin ku ne.

Bara bayan girbin alkama zazzaɓi ya kayar da ni. Kun san mu, maganin da babu allura a cikinsa ba magani ba ne. Aka kira mai allurar ƙauyenmu, ya yi ta sokata har na miƙe.

Zazzaɓi ya tafi, kunne ya bi shi. Da fari ƙara ce kamar injin ban-ruwa, daga baya shiru.

Maigidana Sale ya ɗauka fushi nake yi da shi. Ya ba ni haƙuri, ban juyo ba. Ya sayo turare, ya sayo mayafi. Ni kuwa ina ta murna miji ya shiryu.

Ranar da ɗiyata Zainabu ta ƙone da shayi a bayana ban ji kukanta ba, na tsorata ƙwarai.

Muka tafi asibiti a birnin Sinnar da Inna, mahaifiyata. Aka sa mini abin sauraro, aka ɗebi jini, akuyata ta tafi a kuɗin gwaji.

Inna ta ce wa likita, "Wallahi dakta, dangin ubanta ne, duk ba su jin magana."

Likita ta tambaye ta su wa ke da ciwon, aka lissafa. Inna kanta, sai an ɗaga murya. Kawu Bala. Kakata ta wajen uwa. Kowa bayan allura.

Ta rubuta mini a takarda: gado ne a ƙwayar halitta, ta wajen uwa yake bi, irin wannan allurar ce ke tayar da shi. Wai a ƙasashen waje an fara gyara wa yara kurame ƙwayar halitta, amma ba irin tawa ba.



Yanzu ina da na'urar ji, samma'a. Alhamdu lillahi, na gode wa likitar nan. Sale ya ce in dawo da turarensa.

Watan jiya zazzaɓi ya kama Zainabu, maƙwabta suka kira mai allura. Inna ta tare ƙofa da muciya.

"Halas, ya isa! Ɗiyag ga jinina ce. Ka taɓa ta ka gani."

Muka kai ta asibiti, aka ba ta wani maganin.

Don Allah, in akwai kurumta a dangin uwarku, ku faɗa wa likita kafin a soke ku.

Ɗazu na tsaya bakin ƙofa na kira sunan Zainabu da raɗa. Ta waiwayo.