Ranar da na fara girmama taubashina

A zamanin da aka haife mu ba a cika tambayar mutum daga ina yake ba, fuskarsa ake duba. Wanzami ya riga ya ba da amsa da askarsa tun mutum yana cikin zanen goyo. Ni bille aka yi mini a kuncin hagu, da 'yan baka uku-uku, irin na gidanmu a Ƙaraye. Da wannan zanen na yi fataucin goro da fatu shekara da shekaru. A zangon Kumasi wani tsoho ya taɓa kirana in ci tuwo tun ban buɗe baki ba, don ya ga zanen dangin uwarsa a fuskata. A Sudan na zauna da masu tsaga uku a tsaye, a ƙasar Yarbawa na yi ciniki da waɗanda aka zane wa kunci har kusa da kunne, kowa yana yawo da nasa, kai a sama. Yau kuwa aski kawai wanzami yake yi wa jariri ya naɗe zabirarsa. Jikokina fuskokinsu sumul kamar ƙwai. Wanda duk aka gani da tabo yanzu ba a cewa ɗan gidan wa ne, sai dai a ce me ya same shi.

Nawa ya fara ne da ɗan ƙurji a gefen billen nan. Ni fari ne, kuma na sha ranar hamada a saman lodin manyan motoci fiye da yadda fata irin tawa za ta iya ɗauka. Ƙurjin ba ya zafi. Sai ya yi ɓawo, ya ɓare, ya yi jini, ya sake yin ɓawo. Na shafa man shanu, na shafa na masu magani, yana ta faɗi. Da aka kai ni asibiti a Kano, likita ya ce ciwon daji ne na fata, sai an yanke, kuma sai an yanke da faɗi. Gurbin da za a bari ya fi ƙarfin ɗinki, saboda haka za su yanko fata daga cinyata su dasa a wurin.

Wanda ya yi jinyata taubashina ne, ɗan gwaggona, sa'ana, mai awon hatsi da gyaɗa a kasuwar Rogo. Tun muna yara akushinmu ɗaya. Ban taɓa gaishe shi da ina kwana ba, shi ma haka. In na hango shi sai in ce, "Kai bawa, har yanzu mudunka mai ramin gindi bai kai ka gidan yari ba?" Shi kuma ya ce, "Ga ɗan yawon duniya, mai harshe bakwai ba gaskiya ko ɗaya." Ko dawowa na yi daga tafiyar shekara biyu, da zagi yake tarye na, da zagin nan kuma nake sanin na iso gida. Kowace shekara ranar cika-ciki, wanda ya riga ganin ɗan'uwansa sai ya fizge masa hula, har muka yi furfura ba mu daina ba.

A asibiti shi ya riƙe mini kwano, shi ya kai ni bayi. Yana tsaye aka warware bandeji aka miƙo mini madubi. Na yi shekaru ina jujjuya fata a hannu, na san aikin baduku mai kyau, na san faci. Abin da na gani faci ne. Wani yanki kamar tafin hannun yaro, launinsa daban, yana sheƙi, gefensa ya tattare ya ja mini leɓe sama kamar mai shirin yin tsaki. Bille ya tafi, 'yan bakan hagu sun tafi. Rabin fuskata na gidanmu ne, rabin ba na kowa ba. Na ajiye madubin na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina.

Da na natsu na ce masa, "Maganar inda aka yanko fatar nan ta tsaya a ɗakin nan. Daga ni sai kai sai matata."

Ya ce, "Haba, ni yaro ne?"

Na koma Ƙaraye na zauna a gida. Wurin dashen ba ya ji, in na taɓa shi kamar na taɓa takalmi, amma ƙaiƙayi yake daga ciki inda farce ba ya kaiwa. Gemu ya ƙi fitowa a kansa. In na sha koko sai ya zubo ta gefen baki. Matata, Hajiya, ta cire madubin ɗakina ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Ita ce kuma ta matsa mini in fita, da aka yi wa taubashin nawa jika aka sa suna a Rogo Sabon Gari. Ta ce, "Alhaji, dangi ne duka. In ba a gan ka a nan ba, ina za a fara ganin ka?"

Na tafi, fuska a buɗe. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an raba goro, liman ya yi addu'a, an raɗa suna. Mutane suna zuwa suna yi mini barka da arziki, suna kallon kafaɗata maimakon fuskata, na kuma gode musu. Har na fara jin abin zai yiwu. Sai taubashina ya miƙe tsaye ya gyara babbar riga.

Ya ce, "Malam, kafin a watse ina da fatawa. Daga cibiya zuwa gwiwa, me sunan wurin?"

Liman ya ce, "Al'aura."

"To, mutumin da aka yanko masa fatar cinya aka manna masa a kunci, ya halatta ya zo taron Musulmi bai sa mata wando ba?"

Sai aka fashe da dariya. Wani ya ƙware da goro. Liman ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Taubashina ya ga kasuwa ta buɗe, ya ƙara: "Kuma in zai yi alwala, wanke fuska zai yi ko tsarki?"

Na yi dariya. Dole ne. Wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ne abin kunya, shi za a yi ta faɗa har jikoki. Na buɗe bakin nan nawa da ya karkace na yi dariya tare da su.

Kafin mako ya zagayo maganar ta riga ni zuwa ko'ina. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni daga tasha ya ce, "Baba, a gyara wando," abokansa suka kwashe da shewa. A masallacin unguwarmu na ga matasa biyu suna zungurar juna lokacin da nake alwala. Sai na ciro wani tsohon rawani na naɗa shi yadda na koya wurin Buzaye a Agadas, ido kawai a waje. Su ado ne da mutunci a wurinsu. Ni ɓuya nake yi. Damina ta wuce, aka yi kaka, ina cikin rawanin nan, ina gumi, ina saƙa yadda zan rama.

Ba abin ramawa na rasa ba. Na san haƙoransa na gaba na roba ne, na san inda yake ajiye su. Na san abin da ya sa matarsa ta fari ta yi yaji. Da ɗaya daga ciki na faɗa a majalisa, da ya yi wata bai fito kasuwa ba. Amma da na auna sai na ga abin da yake jira ke nan. In na zage shi ya zage ni, an yi kunnen doki, maganar suna ta koma wasa kamar sauran, an wanke shi. Na zauna da Zabarmawa da mutanen Mali, su ma suna da irin wannan wasa, wasu ma sun fi mu kaifin baki. Amma ko'ina na je, abin da mutum yake ɗauke da shi a fili ake taɓawa: rowarsa, tumbinsa, cin wakensa. Ban ga inda ake ɗaukar abin da aka gani a bakin gadon jinya a kai shi dandali ba. Wannan ba wasa ya yi ba, amana ya ci ya lulluɓe ta da rigar wasa. Sai na ce to, rigar zan tuɓe masa.

Ranar kasuwar Rogo na sa fararen kaya na nufi rumfarsa. Yana hango ni ya fara: "Jama'a ku kauce, ga Buzu ya ɓace da raƙuminsa!"

Na cire takalmi a bakin rumfa, na rusuna kamar yadda ake yi wa suruki. Na ce, "Salamu alaikum. Barka da kasuwa, Alhaji. An tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya iyali, yaya jika?"

Ya yi dariya. "Kai bawa, aljanu ne suka shafe ka?"

"Allah ya ƙara girma, Alhaji. Allah ya ba da kasuwa."

"Tashi dalla, mai cinya a fuska!"

"Na gode, Alhaji. A gaida gida."

Na sa takalmina na tafi. Maƙwabtansa na rumfa suna ta kallon juna. Ya ɗauka sabon salon wasa ne, har ya ba mutane labari. Amma da aka yi ɗaurin aure a Kurugu muka haɗu, haka na yi masa. Da aka yi rasuwa a danginmu, haka. Ya jefo zagi, in mayar da addu'a. In ya shigo majalisa in tashi in ba shi wurina. Ba wanda zai ce na yanke zumunci, don ba abin da ya same shi da ban je ba, kuma nakan riga kowa. Ranar cika-ciki ya zo har ƙofar gidana ya tsaya, hularsa a karkace, ya miƙo kai kusa da hannuna. Na ce, "Alhaji, hularka za ta faɗi," na sa hannu biyu na gyara masa ita. Na ga yadda idonsa ya yi, kuma wallahi ya yi mini daɗi.

Hajiya ta ce, "Ka ji tsoron Allah. Mutumin nan ya rame. Shi fa ya yi jinyarka."

Na ce, "Shi ya sa."

Bayan haka ya zo Ƙaraye wata rana da hantsi, shi kaɗai, ba sanarwa. Na sa aka shimfiɗa masa dardumar baƙi a zaure, wadda na sayo a Madina. Na sa aka yanka kaza. Aka kawo masa nasa kwanon da murfi, da ruwan wanke hannu, ni kuma na koma gefe na zauna a tabarma. Ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Ba za ka sa hannu ba?"

"A'a, bismillah Alhaji. Na baƙo ne."

Ya mayar da murfin ya rufe. Sannan ya ce, "Ɗan kawu, zage ni mana. Don girman Allah ka zage ni. Ka faɗi maganar haƙorana, ka tara mutane ka faɗa. Wasa na yi. Na ga kowa yana kallonka kamar gawa, na ce bari in sa a yi dariya abin ya wuce."

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Ban damu ba. Na kama bakin rawanina na warware shi gaba ɗaya, na ajiye, na matso na juya masa kuncin hagu inda hasken ƙofa yake faɗowa.

Na ce, "Dubi fuskar nan. Ka gan ta ranar da ba wanda ya gan ta. Ka ga abin da na yi da na gan ta. Dube ta da kyau, in akwai sauran abin dariya ka ƙarasa, ga ni."

Bai iya ba. Ya sunkuyar da kai yana murza gefen darduma.

Na ce, "Na yafe maka, Alhaji, duniya da lahira. Ci abincinka kada ya huce."

Bai ci ba. Na raka shi har bakin titi, na tsayar masa da acaɓa, na ce a tafi da shi a hankali, dattijo ne. Sai da na juyo gida na lura rawanin yana can zaure, na ratso unguwa fuska a buɗe. Wanda ya fi kowa iya yi mata dariya ya kasa ɗaga ido ya dube ta, sauran kuwa ba su isa in ɓuya saboda su ba.

Ban sake naɗa rawanin ba. Tabon yana nan, ya ɗan yi laushi, leɓen bai sauko ba, likita ya ce ciwon bai dawo ba. Taubashina yana raye a Rogo, muna haɗuwa a kowane taron dangi, ina gaishe shi da ladabi yana amsawa da ladabi. Tun daga ranar sunan nan ban sake zaginsa ba, kuma ba mu sake cin abinci a kwano ɗaya ba.