Bulon ɗin da Baba ya ɗaure

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, alli na sani, ban san ƙarfe ba. Amma shekarar da ciwo ya shanye wa Baba ɓarin jiki, harshensa ya yi nauyi, sai na tsinci kaina kwance ƙarƙashin tsohuwar motarsa a tsakar gidanmu na unguwar Zariya, nan Maraɗi.

Abu guda yake so, ya ga garkarsa ta Jiratawa kafin a cire albasa. Inna, mahaifiyata, ita ta gane haka daga yadda yake nuna hanya da hannunsa mai lafiya. Ba ya iya zama kan babur ɗin kabu-kabu, motar wani kuwa ko an kawo sai ya kau da kai. Mutum ya shekara talatin yana tuƙa tasa, ina zai yarda? Ita kuma tasa amortisar ɗinta na baya ya mutu, ƙarfen nan da ke shanye girgizar hanya. In aka sa shi ciki a haka, ramukan hanya za su ƙarasa shi.

Na sayo wani amortisar a kasuwa, na ɗaga motar da kirik, na ce aikin hantsi ne. Bulon biyu ne, ƙusoshi masu murɗi, ke ɗaure da tsohon. Bulon ɗin sama ya kwance lafiya lau. Na ƙasa ya ce bai san zancen ba. Na zuba kananzir, na zuba man birki, na bar shi ya kwana. Na hura gawayi na gasa shi har ya yi ja. Na buga da guduma har maƙwabta suka leƙo. Ko gezau! Na zagi ƙarfen nan zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba.

Duk wannan Baba na kan kujera a inuwa yana kallona, yana ta maimaita kalma ɗaya da ƙyar: "Sude... sude." Ni na ji suɗe, irin na kwano.

"Inna, Baba na son a ƙaro mashi kunu," na ce daga ƙarƙashin mota.

Ta kawo, ya ture kwanon har ya zube. Wallahi haushi na ji. Na ce, "Haba Baba, don kai fa nake wannan wahala, ka bar ni in ji da abu guda mana!"

Rana ta uku na zura kile, wato sifana, cikin dogon bututun ƙarfe, na hau da ƙafa biyu na yi tsalle. Na ji ƙas! Har na fara hamdala. Ashe ba bulon ne ya saki ba, kunnen shasi, ƙarfen gindin motar, da ke riƙe da shi ne ya yage gaba ɗaya.

Na je Tsibiri na ɗauko wani tsohon mai walda, abokin Baba tun suna samari. Ya duƙa, ya kankare baƙin man da ya daskare da wuƙarsa, ya nuna mani wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake.

"Kai yaro, ai sude ne," in ji shi. "Ɗigon walda. Ubanka haka yake yi wa kowane bulon na ƙasa, don kada hanya ta kwance shi. Da ka goge ɗigon nan da zarto, da hannu ma sai ya juyu. Shi bai gaya maka ba?"

Kalmar Faransanci ce ta masu garaji, kuma ni ke koyar da Faransanci. Na rasa inda zan sa kaina don kunya da baƙin ciki.

Mai walda ya ƙwanƙwasa shasin, ya ce tsatsa ta cinye wurin, babu inda wuta za ta kama. Aka cire albasa babu mu.

Na durƙusa gaban Baba na ce ya yafe mani. Ya dafa kaina. Ya ƙara wata biyu a duniya, yana yi wa Inna gurnaninsa tana ganewa, amma ni bai sake ƙoƙarin gaya mani komai ba.