Barandar da Iya Ta Tuna

Iya Mai Wanki ba ta da wani gida a duniya sai ɗan ɗakinta na cikin tsohon otal ɗin garin. Da ƙuruciyarta ta zo, miji ya rasu, ba ɗa ba jika. Mai otal ya ɗauke ta wankin zannuwan gado, da ya ga a baranda take kwana sai ya sa aka toshe ƙarshen barandar da bulo, aka kafa ƙofa. A nan ta tsufa, sabulu ya cinye mata farce tas.

Da aka karkatar da babbar hanya daga garin, baƙi suka ɗauke ƙafa. Mai otal ya rasu, ma'aikata suka watse, silin ya rufto, jemagu suka gaje ɗakunan sama. Iya ko gezau. Ina za ta?

Kwatsam sai ga jikan mai otal da injiniya da motar siminti, wai zai mayar da ginin yadda yake ranar da aka buɗe shi. Iya ta tare shi.

"Ɗan nan, korata za a yi?"

"Haba Iya, wa ya isa!" in ji jikan. "Ko hoto ɗaya ba mu da shi. Ke ce za ki gaya mana yadda yake a da."

Ai kuwa an sosa mata inda ke mata ƙaiƙayi. Tsohuwar da ta daɗe ba mai tambayarta ko ƙarfe nawa, yau ga injiniya yana biye da ita kamar jela. Tana nuna masa: ƙofofi koraye ne, kantar karɓar baƙi a nan take, makullai a jikin ƙusoshi can.

"Baranda kuwa, yaro, ba ka ga baranda ba! Tun daga matakala har bangon ƙarshe, fetal, ba abin da ya tare ta."

Injiniya ya gyaɗa kai, ya shafa jan alli a bangon ɗakinta. Ta gani sarai, ta ɗauka fenti za a yi mata, har da sa masa albarka.

Wata safiya ta je kasuwa sayo sabulu. Da ta dawo, tun daga bakin ƙofa ta hango gadonta a tsakar gida, ƙafafu sama, ga akwatinta, ga dutsen gugarta. Ta ɗaga ido. Baranda ta miƙe fetal har bangon ƙarshe. Babu ɗaki.

Sabulun ya suɓuce mata. "Innalillahi! Uban wa ya ce ku rushe?"

Injiniya ya yi sororo. "Iya, ai ke kika ce. Na zaci kin sani."

Ta sake duban barandar. Wallahi ita ta ce, da bakinta, tana washe haƙora. Daɗin labari ya kwashe ta, ta manta a kan wannan barandar take kwana.

Jikan ya iso a guje, ya dafe kai. Shi bai taɓa leƙa ɗakin ba, a zatonsa sito ne. Kunya ta kama shi, ya riƙo hannunta zuwa sama, ya buɗe mata ɗakin da aka fara gamawa.

"Naki ne, Iya, har abada. Ki yafe mini."

Ta shiga a hankali. Ga katifa sabuwa, ga fanka, ga lamba a jikin ƙofa. Ta rasa inda za ta zauna. Hannunta da kansa ya ja zanin gadon ya daidaita, ta kaɗe filo, ta fito ta ja ƙofar.

"Na gyara," ta ce. "Baƙo zai iya shiga."