Tsoronsa ko Tsoro Dominsa

Duk shekarun da na yi ina koyar da Ingilishi a kolej a Gaya, garinmu na kusa da iyakar Najeriya, ban taɓa mantawa da ranar da Inna Hadiza ta shigo ɗakin malamai ba. Wata Laraba ce, lokacin hutun ƙarfe goma. Mai sayar da busasshen kifi ce a bakin kogi, kuma na taɓa koyar da ɗanta Idi.

Idi direban babbar mota ne. Ciwon taɓin hankali ya kama shi a hanya, aka kwantar da shi a wani asibiti a Najeriya. Ya samu sauƙi, amma likitan ya ce sai iyalinsa sun aiko takarda cikin Ingilishi, su bayyana ko za su iya riƙe shi a gida.

"Mushe, ka gaya musu tsorona," in ji ta, don haka ake kiran malami namiji a nan. "Ba na barci."

A wurinmu, malami mafi daɗewa shi ke shugabantar sashen darasinsa, sababbi kuma su kawo masa aikinsu ya duba. Ni ne shugaban. Na ɗauki bik, wato biro, na rubuta nan take, har na sa "my fear of my son." Na miƙa wa Madam Rakiya, sabuwar malamar Ingilishi, ta buga a inji. Watanta uku ke nan da fara aiki.

Ta karanta, ta yi jim. Maimakon ta yi mini magana, sai ta juya wajen tsohuwar.

"Inna, tsoron Idi kike ji, ko tsoro kike ji masa?"

Inna Hadiza ta dafe ƙirji. "Tsoronsa? Ni da na goya shi? Tsoro nake kada ya lalace a can, ba kowa nasa."

Nan na gane kuskurena. A Ingilishi, kalmomi irin su tsoro, amana da girmamawa, waɗanda ba a gani ba a taɓawa, kowace da ƙaramar kalmar da ke bin ta. "Fear of" na nufin shi ne abin tsoron. "Fear for" na nufin shi ake ji wa. Da takardata ta tafi haka, da likita ya karanta cewa uwa ma gudun ɗanta take, ya ci gaba da tsare shi.

"Mushe, ko dai ni ce ban gane ba?" Rakiya ta ce a hankali.

"Kin gane sarai. Gyara."

Bayan mako biyu Idi ya dawo. Yau shi ke kai wa uwarsa kifi kasuwar Malanville, a tsallaken kogi.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, abin da na koya ke nan: daɗewa ba ta hana kuskure, kuma ƙamus bai san abin da ke zuciyar mai magana ba. Ku tambaye shi. In na ƙasa da ku ya yi jim a kan takardarku, ku saurara.