Ranar da Ƙorenmu Suka Fitar da Baba Kunya

Shekarun baya can, ana gab da samun mulkin kai, aka kai ni amarya wani ƙauye tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. A bayan gari akwai filin da Turawa suka share lokacin babban yaƙi, don jirgin da ya samu matsala ya sauka. A gefensa an jera manyan duwatsu siffar kibiya, tana nuna wa matuƙa hanyar Kano.

Surukina ne mai kula da ita, yana shafe ta da farar ƙasa duk bayan damina, kuma wallahi yana ji da aikin nan. Matsalarsa ɗaya, bai iya hana mutum abu ba. Duk mai sabon rumbu sai ya zo: "Baba, a ara mini duwatsu in ɗora gindi." Shi kuwa ya ce, "Ɗauka, amma aro ne fa." A haka kibiya ta zama duk giɓi.

Kwatsam sai ga dogarin hakimi: jibi jirgi zai zagayo duba alamomi, wanda tasa ta lalace za a tuɓe shi a bainar jama'a. Tsoho ya kasa cin tuwo. Ga rumbuna cike da gero, ka zare dutse ɗaya ka zubar da abincin shekara.

Inna, uwar mijina, ce ta dube shi ta ce, "Malam, wanda ke can sama, ina zai bambance dutse da ƙwarya?"

Nan da nan matan gari suka fito da ƙoren nono, aka goge su fes, aka kife a kowane giɓi. Ba su isa ba, sai Inna ta leƙo ɗakina tana kallon fararen kwanonin jerena.

"Haba Inna, ko fura ban taɓa zuba musu ba!"

"To, yau za su ga jirgi. Kwaso."

Na kwaso ina hawaye, aka yi tsinin kibiya da su.

Da hantsi jirgin ya iso ƙasa-ƙasa. Ni da na sha alwashin tsare kayana, ina jin rugugin na zuba a guje na faɗa gonar wake. Da na ɗago, sai na hango Baba tsaye ƙyam yana sara wa sama. Jirgi ya kewaya ya wuce.

Bayan kwanaki dogari ya dawo da saƙo: ba a ga kibiya mai haske kamar tamu ba, Baba ya ci gaba da aikinsa. Guɗa har maƙwabta!

Yau fili ya zama gonaki, kwanonin ma sun tafi. Abin da bai bar raina ba shi ne yammacin ranar da jirgin ya zo. Tsohon da kunyar surukuta ba ta taɓa barin sa ya yi mini magana ba, ya tsaya bayan zana ya ce, "'Yata, kin rufa mini asiri. Allah Ya rufa naki." Har na tsufa ban ga ranar da addu'ar nan ta bar ni ba.